Wai da gaske littattafan Hindu sun riga fiziks faɗin komai?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ka ga wani bidiyo yana yawo ana cewa duk abin da fiziks ɗin zamani ya gano, tun daga shekarun duniya har ƙwayar zarra har kwantum, wato fiziks ɗin ƙananan ƙwayoyi, wai littattafan Hindu sun riga sun faɗa tun dubban shekaru, har ma an ce shi ya sa aka girke gunkin Shiva, ɗaya daga cikin manyan allolin Hindu, a CERN, babbar cibiyar binciken fiziks ta Turai, kana so ka ji ko gaskiya ne. To ni fiziks na karanta kuma shi nake koyarwa, ɗalibai sun sha kawo min wannan maganar, don haka ka yi haƙuri amsar za ta ɗan yi tsawo. A taƙaice dai akwai kama, wani wurin ma kamar tana ba da mamaki, amma Bahaushe ya ce kama da wane ba wane ba ne, kuma masu bidiyon nan a daidai wannan gaɓar suke cin kasuwarsu.

Abu na farko da ba sa gaya maka shi ne babu wani abu guda ɗaya da za a nuna a ce shi ne ra'ayin Hindu game da halitta. Mutane ne da suka haura shekara 3,000 suna rubutu, da mazhabobi masu jayayya da juna ba sassauci. Shankara a wajen ƙarni na 8 ya ce haƙiƙa ɗaya ce tak, Brahman, yawan abubuwan da ido ke gani ruɗu ne. Madhva a ƙarni na 13 ya ce sam ba haka ba ne, Ubangiji daban, rai daban, abin duniya daban. 'Yan Samkhya suka ce asali biyu ne, 'yan Vaisheshika suka ce komai daga ƙwayoyi yake, 'yan Mimamsa kuma suka ce duniya ba ta taɓa farawa ba kuma ba za ta naɗe ba, haka take tun fil azal. To ka ga ko me fiziks ya wayi gari ya faɗa, ko ya ce akwai farko ko ya ce babu, ko ya ce asali ɗaya ne ko da yawa, dole in ka tona wannan tarin ka samu wanda ya faɗi mai kama da shi. Ka riƙe wannan a ranka don za mu yi ta cin karo da shi.

Bari mu fara da inda suka fi ƙarfi, wato lissafin zamani. A littattafan Purana, wato tsofaffin littattafansu na labaran alloli da halitta, lokaci zagaye yake yi. Akwai zamuna huɗu da suke kira yuga, Krita shekara 1,728,000, Treta 1,296,000, Dvapara 864,000, sai Kali 432,000 wanda a lissafinsu shi muke ciki yanzu, kuma ya fara ne a shekara ta 3102 kafin haihuwar Annabi Isa. In ka tara huɗun za ka samu 4,320,000, mahayuga ɗaya kenan. Mahayuga dubu shi ne kalpa, wuni guda ɗaya na Brahma, abin bautarsu mai halitta, shekara biliyan 4.32, darensa ma haka, wato kwanansa ɗaya biliyan 8.64, kuma a imaninsu shekara ɗari zai yi da irin wannan kwanan, abin ya tashi tiriliyan 311 da ɗoriya. Yanzu ka ajiye wannan kusa da awon da muke da shi: wannan duniyar da muke takawa shekararta biliyan 4.54, kaunu gaba ɗaya, wato sararin samaniya da duk abin da ke cikinsa, biliyan 13.8. Ka ga 4.32 da 4.54 sun kusa ƙwarai. Masanin taurari Carl Sagan ya yi wannan maganar a shirinsa na talabijin Cosmos na 1980, ya ce a cikin manyan addinai nasu ne ma'aunin lokacinsa ya zo kusa da na kimiyya, amma a cikin jimlar ya saka cewa ba shakka dace aka yi, kuma wannan guntun shi ne ake yawan datsewa in an zo kawo maganarsa.

Gaskiya a nan dole a sara musu. A 1650 wani babban limamin coci a Ailan, James Ussher, ya lissafa ya ce an halicci duniya a shekara ta 4004 kafin Annabi Isa, kuma Turawa da yawa sun daɗe a kan haka. Kai har ƙarshen ƙarni na 19 Lord Kelvin, wanda a fiziks ba ƙaramin mutum ba ne, yana cewa shekarun duniya tsakanin miliyan 20 ne zuwa 40. Sai a 1956 Clair Patterson ya auna dalma a cikin duwatsun da suka faɗo daga sama ya samu biliyan 4.55. Mutanen Indiya kuwa tun fiye da shekara 1,500 da suka wuce suna ambaton biliyoyi hankali kwance, ba sa jin tsoron lamba, wannan kam abin yabo ne.

Amma fa duba abin da kyau. Kalpa tsawon wunin Brahma ne daga safiya zuwa faɗuwar rana, ba shekarun da duniya ta yi zuwa yau ba. In ka tambayi lissafin nasu nawa ne ya wuce a cikin wannan wunin, amsar ita ce kusan biliyan 1.97, bai kai ko rabin 4.54 ba. In kuma ka ce a'a kaunu gaba ɗaya ake nufi, to Brahma a lissafinsu ya cika shekara 50 ya shiga ta 51, wato kusan tiriliyan 155, ya ninka 13.8 ɗinmu fiye da sau dubu goma. Lambobi ne da yawa a jere, miliyan 4.32, biliyan 1.97, biliyan 4.32, biliyan 8.64, tiriliyan 155, tiriliyan 311, mai bidiyo ya ɗauki wadda ta yi masa ya rufe ido a kan sauran. Kuma ita 432,000 ɗin kanta lamba ce ta masu ƙirga da sittin-sittin, 60 sau 60 sau 120, har wani malamin Babila mai suna Berossus a ƙarni na 3 kafin Annabi Isa ya rubuta cewa sarakunan da suka yi mulki kafin ruwan ɗufana shekara 432,000 suka yi. Ba daga awon dutse ko hasken tauraro ta fito ba.

Inda abin ya fi burge ni ma ba a Purana yake ba, a wurin masana taurarinsu yake. Aryabhata da ya rubuta littafinsa a shekara ta 499 ya ɗauki wannan 4,320,000 ɗin ya mai da ita kayan aiki, ya ce a cikin wannan tsawon ƙasa tana juyawa sau 1,582,237,500. Ka lura ƙasa ya ce tana juyawa, ba sama ba. In ka raba lissafin za ka samu juyi ɗaya awa 23 da minti 56 da sakan 4.1, awon yau kuma sakan 4.09 ne. Wannan ita ce kimiyya ta gaske, ta fito daga kallon sama da lissafi, kuma abin haushi masu bidiyon ba su cika kawo ta ba, sun fi son maganar da ke da ƙamshin gaibu.

Sai batun zagaye, a halitta a rushe a sake halitta. Wannan kama ce ta gaske kuma ba sabuwa ba ce, Alexander Friedmann ɗan Rasha da ya warware lissafin Einstein a 1922 ya ga ɗaya daga cikin amsoshin ita ce kaunu ya buɗe ya tsuke ya sake buɗewa, kuma shi da kansa a littafinsa na 1923 ya ce abin yana tuna masa da labarin Hindu na zagayen rayuwa. To amma lissafi ya yarda abu zai iya yiwuwa daban, sama ta nuna haka take daban. Hubble a 1929 ya nuna tarin taurari masu nisa suna ta ƙara nisa da mu. Richard Tolman a shekarun 1930 ya nuna cewa saboda entirofi, wato hargitsin da kullum ƙaruwa yake ba ya raguwa, kowane zagaye zai fi na bayansa tsawo, in ka bi su baya suna ta gajarcewa har ka dawo kan matsalar farko da kake gudu. A 1965 Penzias da Wilson suka ba da sanarwar ragowar zafin Babbar Fashewa, wato farkon buɗewar kaunu, da ya cika sama ta ko'ina. Sai a 1998 ƙungiyoyi biyu masu auna taurari masu fashewa suka gano buɗewar nan ba raguwa take ba, sauri ma take ƙarawa, aka ba Perlmutter da Schmidt da Riess Nobel a 2011 a kan haka. Wato abin da ke hannu yau ya fi karkata ga tafiya ba dawowa. Akwai manyan masana da har yanzu suke aiki a kan zagaye, Steinhardt da Turok suna da nasu tsarin, Roger Penrose yana da nasa, amma babu wanda awo ya tabbatar. Haka ma maganar kaunu barkatai, Bhagavata Purana ta siffanta su kamar ƙwai marasa adadi suna fitowa daga jikin abin bautarsu Vishnu, a fiziks kuma akwai masu irin wannan tunanin tun daga Hugh Everett a 1957 zuwa Andrei Linde a shekarun 1980, to amma a ɓangarenmu ma hasashe ne, ba za ka kafa hujja da abin da shi kansa bai tabbata ba.

Gunkin CERN kuwa yana nan, ba ƙarya ba ne. Mita biyu ne tsawonsa, gwamnatin Indiya ce ta ba da shi kyauta aka buɗe shi ranar 18 ga Yuni 2004 don tuna daɗewar da masanan Indiya suka yi suna aiki da cibiyar, kuma a 2017 Indiya ta zama mamba ta haɗin gwiwa. Nataraja ake kiransa, Shiva yana rawa a cikin da'irar wuta, hannu huɗu, na dama na sama riƙe da 'yar ganga mai siririn ƙugu kamar kalangu wadda ke nufin halitta, na hagu riƙe da harshen wuta wato rushewa, ƙafa ɗaya a ɗage ɗaya kuma ta danne wani gajeren mutum da ke wakiltar jahilci. Maƙeran tagulla na daular Chola a kudancin Indiya su suka fitar da wannan siffar a ƙarni na 10 da na 11. Kyauta ce tsakanin ƙasa da cibiya, babu wani lissafi ko gwaji a CERN da aka gina a kanta. Abin da ya haɗa ta da fiziks shi ne Fritjof Capra, wanda a littafinsa The Tao of Physics na 1975 ya kwatanta yadda ƙananan ƙwayoyi ke bayyana suna ɓacewa da rawar Shiva, har an sa maganarsa a allon da ke jikin gunkin.

To ga abin da ya samu Capra, kuma darasi ne. Ya jingina hujjarsa sosai a kan ra'ayin Geoffrey Chew, wanda ya ce babu wata ƙwaya ta asali, kowace ƙwaya da sauran aka yi ta, kowa na cikin kowa. Wannan ya yi daidai da falsafar Gabas ƙwarai. Matsalar ita ce tun kafin littafin ya fito ƙasa ta fara zamewa, a Nuwamban 1974 aka gano ƙwayar J/psi wadda ta ƙarfafa ra'ayin kwak, wato akwai ƙwayoyin asali da firoton da niyutiron suka ginu da su, fiziks ya bi wannan hanyar ya bar ta Chew, kuma a kanta aka tafi har aka gano ƙwayar Higgs a 2012 a CERN ɗin dai. Kuma ba Capra ne farau ba. A shekarun 1890 Swami Vivekananda ya riƙa daidaita akasha, wato sarari a littattafansu, da eter, wani abu da masana fiziks na lokacin suka yi imani ya cika sarari kuma a cikinsa haske ke tafiya. Gwajin Michelson da Morley na 1887 bai ga eter ba, Einstein a 1905 ya nuna ba a ma buƙatarsa. Yau za ka ji ana cewa akasha ai filin kwantum ne. Nassin bai motsa ba, fassarar ce take bin fiziks duk inda ya juya, kuma kullum a baya take.

Wannan fa ba ciwon Hindu kaɗai ba ne, kowane addini yana da masu yin haka, mu ma muna da namu. Georges Lemaître ɗan Beljiyam wanda ya fara kawo tunanin da ya zama Babbar Fashewa limamin Katolika ne, amma da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana nuna kimiyya ta tabbatar da halitta, Lemaître bai ji daɗi ba, ya nemi a daina haɗa biyun, don ya san lissafi yana iya canzawa gobe.

Ƙwayar zarra zan wuce ta da sauri. Kanada, wanda ake danganta mazhabar Vaisheshika gare shi, ya ce in ka yi ta raba abu dole ka kai inda ba ya rabuwa, paramanu, biyu su haɗu su zama dvyanuka, uku na waɗannan su haɗu su zama mafi ƙanƙantar abin da ido ke iya gani, kamar ƙurar da ke yawo a cikin hasken rana in ya shigo ta taga. Tunani ne mai kyau, amma ƙwayoyinsa iri huɗu ne, na ƙasa da ruwa da wuta da iska, ba sa rabuwa ba sa lalacewa. Atam ɗinmu yana rabuwa, Thomson ya ciro elektiron a 1897, Rutherford ya gano cibiyarsa a 1911, kuma sinadaran da muka sani 118 ne. Democritus a Girka ya yi irin wannan tunanin, malaman tauhidi na Ash'ariyya ma suna da jauharul fardi wanda duk almajirin da ya yi nisa a ilmin kalam ya ci karo da shi. Hankali ne yake kai mutum can in ya zauna ya yi tunanin rabo, ko'ina yake a duniya.

Akwai wani labari da ake yawan kawowa a kan rilatibiti, wato nazarin Einstein da ya ce lokaci ba ya tafiya iri ɗaya ga kowa. Sarki Kakudmi ya ɗauki 'yarsa Revati ya tafi wurin Brahma neman shawarar wa zai aura mata, ya tarar ana kiɗa ya ɗan jira, da aka gama ya jero sunayen samarin sai Brahma ya yi dariya ya ce ai mahayuga 27 sun shuɗe a duniya, waɗannan da jikokinsu ko sunansu ba a tunawa. Labari ne mai daɗi wallahi. Amma Japanawa ma suna da na masuncin nan Urashima Taro da ya je fadar ƙarƙashin teku ya dawo ya tarar ɗaruruwan shekaru sun wuce, kuma ba wanda ya ce sun gano rilatibiti. Abin da Einstein ya kawo ba shi ne cewa lokaci na iya bambanta ba kawai, ya faɗi dalili, gudu da nauyi, ya faɗi nawa. Agogon da ke cikin tauraron GPS yana rage maikirosakan 7 a rana saboda gudu, maikirosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan, yana ƙara 45 saboda ya yi nisa da jan ƙasa, a tashi da ƙarin 38, kuma da ba a gyara wannan ba taswirar wayarka za ta riƙa kaucewa da kusan kilomita 10 kowace rana. Daga labarin Revati ba za ka iya ciro 38 ɗin nan ba ko ka shekara kana karanta shi.

Yanzu kwantum, inda aka fi yin ɓarna. Gaskiya ne Schrödinger, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kwantum, ya so Vedanta, wato falsafar su Shankara, ta hanyar littattafan masanin falsafa Schopenhauer ya shige ta, kuma a ƙarshen littafinsa What is Life? na 1944 ya kawo maganar littattafan Upanishad cewa atman, wato ran mutum, shi ne Brahman. Oppenheimer, jagoran ƙera bam ɗin nukiliya, ya koyi Sanskrit, tsohon harshen littattafan Hindu, a Berkeley a wurin Arthur Ryder, kuma ya ce lokacin gwajin bam na farko ranar 16 ga Yulin 1945 wani baiti na Bhagavad Gita ne ya faɗo masa. Duk wannan ya faru. Amma ka buɗe takardun Schrödinger na 1926, abin da za ka gani shi ne ra'ayin de Broglie na 1924 da tsohon lissafin Hamilton, da gwada amsar a kan hasken haidirojin. Vedanta ta ba shi natsuwa a kan tambayar ni wane ne, ba ita ta ba shi lissafin ba, kuma shi kansa bai taɓa cewa ita ta ba shi ba.

Abin da ake cewa shi ne wai kwantum ya nuna sanin mutum ne ke halitta abu, don haka duniya ruɗu ce kamar yadda Shankara ya faɗa. Ga abin da gwajin ya nuna. Ka harba elektiron ɗaya bayan ɗaya ta wani shinge mai tsaga biyu, a allon baya za su taru su yi layi-layi irin na igiyar ruwa biyu da suka haɗu. Ka saka na'urar da za ta gane ta wace tsaga kowanne ya bi, layukan su ɓace. To ba sai mutum ya kalli na'urar ba, ko ka kulle ɗakin ka tafi gida sakamakon ɗaya ne, ko ƙwayar iska ce ta yi karo da elektiron ɗin ta tafi da labarin inda yake ya wadatar. Tun 1970 Dieter Zeh ya fara bayanin wannan, Zurek ya ci gaba. Eugene Wigner ya taɓa cewa sai da hankalin mai kallo, daga baya ya janye. Akwai tambaya ta gaske da ta rage a kan me awo yake nufi, masana na jayayya har gobe, amma jayayyar ba ta ba kowa lasisin cewa tunaninka ne ke juya duniya ba. Haka sarƙewar ƙwayoyi biyu da Bell ya tsara gwajinta a 1964, Aspect ya gwada a 1982, aka ba shi Nobel tare da Clauser da Zeilinger a 2022, abu ne mai wuyar sha'ani da ake shan wahala a ɗakin gwaji kafin a riƙe shi, ko saƙo ba za ka iya aikawa da shi ba, nesa yake da cewa komai ɗaya ne. Kuma kar ka manta wannan fiziks ɗin da ake cewa ya mai da duniya mafarki shi ne ya lissafa ƙarfin maganaɗisun elektiron aka auna aka samu sun dace har wajen lamba goma bayan ɗigo. Da marubucin Indiya Tagore ya ziyarci Einstein a gidansa na Caputh kusa da Balin a 1930 a kan wannan suka rabu, Tagore yana cewa gaskiya ba ta rabuwa da hankalin ɗan Adam, Einstein ya ce ko babu kowa a gidan nan teburin can yana nan inda yake.

In ka tambaye ni wane nassi nasu ne ya fi kusa da halin masanin kimiyya, ba na lambobi zan nuna maka ba, waƙar halitta ce da ke Rigveda, littafi na 10 waƙa ta 129. Tana farawa da cewa a lokacin babu samuwa babu rashi, babu dare babu rana, ta yi ta jero tambayoyi, ta ce su alloli ma bayan halittar suka zo to wa ya san daga ina ta taso, ta ƙare da cewa mai kallo daga ƙololuwar sama shi ya sani, ko kuma wataƙila shi ma bai sani ba. Babu fiziks a ciki ko kaɗan, amma mutumin da ya rera wannan shekara kusan 3,000 da suka wuce bai yi da'awar abin da bai gani ba.

Sannan a yi adalci a karanta shafin gaba ɗaya. Purana ɗin da ta ba mu kalpa ita ce ta ce dutsen Meru ne a tsakiya, da nahiyoyi bakwai a zagaye, tsakaninsu tekuna bakwai, na gishiri, na ruwan rake, na giya, na man shanu, na kindirmo, na madara, na ruwan daɗi. Ita ce ta sa wata ya fi rana nisa daga ƙasa, ita ce ta ce wani dodo mai suna Rahu ne ke haɗiye rana da wata in an yi husufi. Aryabhata ya ce inuwa ce, inuwar ƙasa a kan wata. Al-Biruni, wanda ya koyi Sanskrit ya rubuta littafinsa a kan Indiya a wajen 1030 ya kawo lissafin yuga da kalpa dalla-dalla, ya caccaki masanin taurari Brahmagupta a kan ya san gaskiyar husufi amma ya goyi bayan maganar Rahu don kar ya saɓa wa malaman addini. Wato rigimar nan tsakanin awo da nassi tsohuwa ce a cikin Indiya kanta.

Bashin da fiziks ke ɗauke da shi na Indiya babba ne, sai dai ba wanda bidiyon ya faɗa ba ne. Lambobin nan da na cika maka amsa da su nasu ne, da tsarin gurbi da sifiri. Brahmagupta a 628 ya rubuta ƙa'idojin lissafi da sifiri da lambobin da ke ƙasa da sifiri, littattafan taurarinsu suka isa Bagadaza a zamanin Halifa Mansur aka fassara su, al-Khwarizmi ya rubuta littafi a kan lissafin Indiya, daga nan ya shiga Turai. Madhava a Kerala a ƙarni na 14 ya gano jerin lissafi marasa iyaka da Turai ba ta kai gare su ba sai bayan shekara fiye da 200. A zamanin nan kuma ga Satyendra Nath Bose da ya aika wa Einstein takardarsa a 1924, da sunansa ake kiran rukunin ƙwayoyin da Higgs take ciki, ga Raman da ya ci Nobel a 1930, ga Chandrasekhar da yana ɗan shekara 19 a jirgin ruwa zuwa Ingila ya fara lissafin iyakar nauyin da mataccen tauraro zai iya ɗauka, kusan ninki 1.4 na rana.

Kuma su masanan Indiya sun fi kowa jin haushin irin wannan bidiyon. Meghnad Saha, mai lissafin da ake gane zafin taurari da shi tun 1920, ya sha yi wa masu cewa ai komai yana cikin Veda, mafi daɗewar littattafan Hindu, ba'a a rubuce-rubucensa. A taron kimiyya na ƙasar da aka yi a Mumbai a 2015 wani ya gabatar da takarda cewa mutanen da suna da jiragen sama masu zuwa wasu duniyoyi, masana suka yi ca a kansa. Littafin da ya dogara da shi, Vaimanika Shastra, ba tsoho ba ne, tsakanin 1918 da 1923 wani mutum ya yi shiftarsa, kuma tun 1974 injiniyoyin Cibiyar Kimiyya ta Indiya da ke Bangalore suka zauna suka bi zanen jiragen ɗaya bayan ɗaya suka rubuta cewa babu wanda zai iya tashi a cikinsu.